Kalmar da Ta Hana Iro Guduma Haɗuwa da Barmo Bahago

Bazarar bana ta cika shekara ashirin da rasuwar yayana, Iro Guduma na Dabawa. Ɗan dambe ne, kuma daga ƙarshen zaman Turawa zuwa 'yan shekaru bayan tafiyarsu, babu filin da aka kaɗa kalangu a ƙasar Dutsin-Ma da ba a ambaci sunansa ba. Ni ne ƙanensa, Sule tela, mai keken ɗinki a bakin kasuwa. Waɗanda suka san ni sun riga sun ce, to, ga Sule zai fara. Ban musa ba. Ni ne na taɓa ba da labarin kabewar da aka fafe a Kutawa aka yi wa jaki ɗaki da ita. Amma abin da zan faɗa yau ban ƙara masa kome ba, da ma yana raguwa da na rage.

Kusa da rumfata akwai mai gyaran rediyo da ya ajiye talabijin, samari kan cika wurin suna kallon damben ƙasashen waje. Nakan leƙa, in yi ta tunanin abin da Yaya zai ce da ya ga wannan abu. An sa wa ƙato matashin kai a kowane hannu, an kewaye shi da igiya kamar ɗan maraƙi, in ya gaji a kawo masa kujera a yi masa fifita. Kafin a fara ma sai an ɗora mutum a sikeli kamar buhun auduga, a ce wannan babba ne, wannan matsakaici, wannan ƙarami. Yaya ba mai yawan magana ba ne. Na san zai daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Wancan mai jan wandon ya iya tsayuwa.” Ya tashi ya yi tafiyarsa.

Da a zamaninmu akwai sikelin, da shi da Barmo Bahago na Tamawa, a ƙasar Kurfi, aji ɗaya za a sa su. Dukansu matsakaita ne, ba ƙarti ba, ba kuma 'yan firit ba, irin waɗanda in ka gan su a gona ba za ka sake waiwayensu ba. Kuma har yau, in samarin nan suka fara gardamar wane zai doke wane cikin waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba, sai wani dattijo ya gyara murya ya ce, ku bar wannan, ina ma a ce Iro ya haɗu da Barmo. A yi ta ja, a yi ta ja. A ƙarshe kuwa ba a rasa wanda zai ce, “Ai an haɗa su, Iro ne ya tsorata.” Shekara ashirin da 'yan kai ina jin wannan magana ina taka kekena, ban taɓa ɗaga kai ba.

Bari in fara da yadda suke. Yaya mutum ne mai jira. In ya ɗaure damansa da kara, igiyar nan ta 'yan dambe, ya miƙa hagunsa a buɗe yana tsaro, sai ka rantse barci yake ji. Yakan bari a buge shi sau biyu, sau uku, wuyansa kamar kututturen kirya, yana karanta mutum. Turmin farko ba nasa ba ne, na biyu ma sau da yawa haka. A na uku, lokacin da abokin karawa ya fara buɗe baki yana neman iska, sai guduma ta sauka sau ɗaya. Na taɓa cewa wani da ya buga a Dabawa sai a Kutawa aka tsinci hularsa. Wannan ƙari ne, amma hular ta yi nisa.

Barmo kuwa ba ya jira. Bahago ne, bugunsa na fitowa ta inda ba ka saba tsaro ba, ga ƙafa kamar ta barewa. Kafin mai kalangu ya gama gyara tsarkiya, ya gama da mutum. Mutanen Kurfi suna cewa bai san yadda turmi na uku yake ba, don bai taɓa zuwa can ba. To ka ga inda daɗin gardamar yake. In Barmo ya samu Yaya da wuri, shi ke nan. In Yaya ya shanye guguwar farko, Barmo ya shiga ƙasar da bai sani ba.

Akwai kalma ɗaya da ya kamata wanda bai san dambe ba ya riƙe. A fili, in ka bugi mutum gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, ba a cewa ka kayar da shi. Cewa ake yi ka kashe shi. Kisa ke nan. Wanda aka kashe yakan tashi ya karkaɗe wandonsa, ya je ya sha fura. Kowane yaro a gidan mahauta ya san wannan.

Innarmu ba ta sani ba. Bafillatana ce, a ruga ta tashi wajen Kutawa, Hausarta ta tallan nono ce da ta zaman gida. Yaya kuma ɗan farinta ne, kunyarsa take ji irin ta Fulanin da. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in aka fara zancensa sai ta tashi ta ce ta bar tukunya a wuta. Saboda haka shekara goma yana dambe, ba wanda ya taɓa zama ya ba ta labarin fili. Ita ta ɗauka wani irin shaɗi ne na Hausawa, a doke ka, ka daure, ka dawo gida.

Kaka biyu bayan tafiyar Turawa, Sarkin Fawan Kurfi ya aiko wa namu da goro, cewa lokaci ya yi da za a raba gardama. Yaya ya karɓi goron. Aka sa rana, ranar kasuwar Kurfi bayan an gama shigar da gero. Ni a lokacin ina da shekara ashirin da wani abu, na riga na yi aure, kuma ni ne bakin Yaya. Shi ya yi bugu, ni in yi labari. Aka tura ni Kurfi in kai amsa, na yi sa'a na tarar Barmo na wasa a ranar, na gan shi ya kashe wani ɗan Batsari kafin in gama tauna goron da ke bakina.

Washegari da hantsi na shiga gida. Inna na zaune gindin rumbu tana kaɗa nono, matar Yaya da matan maƙwabta uku suna surfe. Mata biyar a tsakar gida, ga ni da sabon labari. Duk wanda ya san halina ya san ba zan iya wucewa ba.

“Kai, jama'a, na ga abin da ido bai taɓa gani ba,” na ce. “Wanga mutum da za a haɗa da Yaya, ba mutum ba ne. A gabana ya kashe wani. Bugu guda!”

Taɓarya ta tsaya. Inna ba ta ɗago ba, amma maburgin ya daina juyawa.

“Mutum goma sha ɗaya ya kashe bana kaɗai. Kuma ya ce a gaya wa Guduma, shi ne na sha biyu.”

Sai Inna ta yi magana, tana kallon ƙwaryarta. “Sule. Kashewa, kashewa?”

A nan ne Allah ya ba ni ƙofa, a buɗe, ta ishi raƙumi wucewa. Da na ce a'a Inna, faɗuwa ce kawai, da ba ku karanta wannan takarda ba. Amma na ga matan sun zuba mini ido, na ji daɗin shirun da na jawo. Na ce, “Kashewa mana, Inna. Har lahira. Sarkin Fawan Kurfi ma likkafani yake tahowa da shi fili, don kada a wahala.”

Matar Yaya ta san wasa nake yi, ta ɗaga taɓarya ta ce, “Allah ya shirye ka, Sule.” Aka yi dariya, na fita ina jin kaina.

Bayan azahar Yaya ya dawo daga gona. Ina zaure na ji muryar da ban taɓa ji ba.

“Ibrahim.”

Ban gane da wa ake ba. Shi kansa sai da ya waiwaya bayansa. Shekara talatin da haihuwarsa, ran nan ne sunansa ya fara fita daga bakinta. Ya je ya durƙusa. Ta dube shi cikin ido ta ce, “In ka shiga fili da mutumin Kurhin nan, ban yahe maka nonon da ka sha ba.” Ta ɗauki ƙwaryarta ta shiga ɗaki.

Na bi ta da gudu. Na rantse, na maimaita, na faɗi ƙasa a gabanta na tashi don in nuna mata abin da ake kira kisa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Ɗazu ka ce har lahira, yanzu ka ce har ƙasa. Wanne ne ƙaryar?” Na ce na ɗazu. Ta ce, “Na ɗazu ba wanda ya sa ka. Na yanzu yayanka ya sa ka.” Muka kawo kawunmu, muka kawo Sarkin Fawa da kansa ya tsaya daga zaure ya yi bayani. Ta ce ai mahauci ba zai ga aibin jini ba. Ashe tana da ƙane da ya mutu bayan shaɗi tun tana budurwa, kuma shi ma ran nan cewa aka yi wasa ne. Ba mu taɓa sani ba sai a wannan makon.

Yaya ya je wurin liman. Malam ya saurare shi ya ce, “Iro, bin uwa wajibi ne. Dambe kuwa na duba, ko mustahabbi bai kai ba.”

Na ce masa to ya yi ƙaryar ciwo, in ɗaure masa ƙafa da tsumma, ni zan ba da labarin yadda kunama ta harbe shi, kunama mai girman agwagwa. Ya dube ni ya ce, “Bakinka bai gaji ba?” Wannan ce kaɗai maganar da ya taɓa yi mini a kan abin, har ya bar duniya.

Ranar ta zo, ya ce sai ya je. Ya karɓi goron mutane, ba zai aika ba, da ƙafarsa zai mayar da magana. Muka hau kekuna muka tafi. Ban taɓa ganin taro irin na ran nan ba, har kan itatuwa mutane ne. Da la'asar Barmo ya fito, hagunsa a ɗaure, yana zagaya fili. Sai makaɗa suka juya suka ɗauko taken Yaya.

Wanda bai taɓa zama kusa da ɗan dambe ana kaɗa takensa ba, ba zai gane ba. Jikin ba ya shawara da mai shi. Na ga tsuma ta kama shi tun daga ƙafa, naman kafaɗarsa na rawa, gumi na zuba. Sai ya ɗauki hannun damansa ya sa ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai. Suka kaɗa, suka sake kaɗawa. Bai tashi ba.

Sarkin Fawan Kurfi ya tako har gabansa. “Guduma, mi ya hwaru? Ba ka ɗaure ba.”

“Ba ni yi, ranka ya daɗe.”

“Ciwo gare ka?”

“Lafiyata lau.”

“To mi ne ne?”

“Ba ni yi dai.”

Ina gefensa, maganar tana bakina. Ya taka mini ƙafa. Ya san makaɗan Kurfi. Da sun ji uwa ce ta hana, kafin magariba sunan Inna na cikin kalangu, ana rawa da shi daga nan har Katsina. Matar da ko sunan ɗanta ba ta iya faɗa don kunya. Ya zaɓi a sa nasa.

Aka kuwa sa. Kafin mu kai inda muka jingine kekuna, wani maroƙi ya riga ya ɗaga murya: “Iro Lafiyata-lau! A gai da mai lafiya!” Fili ya ɗauka. Sunan ya riga mu isa Dutsin-Ma.

Bai sake ɗaure hannu ba. Ba don Inna ta hana shi sauran ba, ita Barmo kaɗai ta ambata. Amma duk ɗan damben da aka nuna masa sai ya ce Yaya ya je ya gama da na Kurfi tukuna. Ya koma gonarsa da korar shanun mahauta zuwa kasuwa. Yara kan bi shi suna “Lafiyata lau”, shi kuwa ya amsa musu da “Madalla.” Wata rana Inna ta ji sunan a bakin wata mai tallan ƙuli, ta tambayi matarsa, aka ce haka ake kiransa yanzu. Ta ce, “Suna mai kyau. Allah ya tabbatar.” Ina wurin. Na tashi na fita.

Shekara shida bayan haka sanƙarau ya ɗauke shi a cikin bazara, kwana huɗu kawai. A rana ta biyu, da sauran hankalinsa, ya kama hannuna ya ce muddin Inna na da rai kada in buɗe baki, kada ta san abin da rantsuwarta ta jawo masa. Na yi alkawari. Ku tambayi duk wanda ya taɓa kawo mini ɗinkin Salla, zai gaya muku yadda alkawarina yake. Wannan ɗaya dai na riƙe shi shekara goma sha tara. Inna ta rasu bara da damina, tana ganin ta ceci ɗanta daga hannun mai kisa, kuma ban ce ba ta yi daidai ba a kan abin da aka gaya mata.

Bayan an yi arba'in na hau mota na je Tamawa. Na tarar da Barmo a ƙofar gida yana tufka igiya, ya tsufa. Na gaya masa ko ni wane ne, na ba shi labari tun daga gindin rumbu. Ya saurara bai katse ni ba.

“Mutum nawa ka ce na kashe?”

“Sha ɗaya, Baba.”

“Bakwai ne. Ɗaya ma santsi ya kwashe shi.” Ya yi dariya har da tari. Sai dariyar ta tsaya. “Kai tela, ka cuci yayanka, wannan tsakaninku ne. Amma ni ma ka cuce ni. Duk wanda na kashe an manta da shi. Abin da ake tunawa da ni, mutumin da ban taɓa ba.”

Na ce to da an yi, wa zai kashe wani?

Ya ajiye igiyar. Ya ce ya je Dabawa sau biyu a ɓoye, da rawani, don ya kalli Yaya. Ya ga in zai saki dama yakan sauke hagunsa kaɗan, kamar faɗin tafin hannu. “Nan na yi niyyar shiga. In na same shi a turmin farko, ya tahi. In ban same shi ba,” ya ɗaga kafaɗa, “ban taɓa bugun wuya irin nashi ba. Wata uku ina tunanin wuyan nan.” Sannan ya ce, “Na gan shi ya zauna kan hannunshi. Na san mai tsoro, na ga da yawa. Mai tsoro ba ya danne hannu, hannun ne ba ya tashi. Tun ran nan na san akwai magana.”

“Me ya sa ba ka faɗa ba?”

“Ana yi mini kirari da shi. Ya yi mini daɗi.”

Shi ya ce in kai shi Dutsin-Ma. Ranar kasuwa muka zo, na riƙe masa hannu har rumfar mahauta, inda aka fi yi wa Yaya dariya a da. Ya tsaya ya dogara sandarsa, ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa ya ce shi ne Barmo Bahago na Tamawa, ya zo ya shaida Iro Guduma bai taɓa jin tsoronsa ba. Mahautan suka dakata da sara, suka gaishe shi da ladabi, aka kawo masa benci. Wani saurayi mai wuƙa a hannu ya matso kusa da ni ya ce, “Baba Sule, wane ne Iro Guduma?”

Na duba rumfar daga wannan kai zuwa wancan. Waɗanda suka yi dariyar duk suna maƙabarta tare da shi. Dattawa biyu ko uku da suka rage, masu gardama a gefen rumfata, ran nan ba su fito kasuwa ba.

Abin da ya rage na Yaya a bakin mutane kalma ce. A ƙasarmu har gobe, in mutum ya ɗauki magana ya janye a ranar, ko ɗan kokawa, ko mai neman aure, ko mai takara, sai ka ji an ce ya yi lafiyata-lau. Masu faɗa ba su san daga ina ta fito ba. Jikokinsa ma na ji suna yi wa juna. Kisan da ya yi a Dabawa da Kutawa, da jiran nan nasa, da wuyan da Barmo ya yi wata uku yana tunani, duk sun bi shi. Abin da ya tsaya shi ne amsar da ya bayar don ya ƙi yin ƙarya, a ranar da ƙarya ɗaya ƙarama za ta fisshe shi. Ni da na yi dubu ban rasa kome ba, ga ni da tumbi, ana gaishe ni.

Ban isa in hana ku faɗar kalmar ba, ta fi ƙarfina. Roƙona, in za ku faɗa, ku faɗa wa wanda ya cancanta. Ku faɗa wa wanda jikinsa ke so, sunansa ke so, duk gari ke so, ya danne saboda wata tsohuwa da ba za ta taɓa sanin abin da ya biya ba. Su kuma dattawan gardama, in kun sake tayar da zancen Iro da Barmo, ku ja yadda kuke so, kowa da hujjarsa. Amma in aka zo wurin wanda ya hana a yi, kada ku ƙara kiran yayana. Ku ɗaga murya kaɗan ku ce Sule, ina nan kusa, zan amsa.

Allah ya yi wa Ibrahim rahama, ya sada shi da Inna a inda babu sauran abin ɓoyewa. Ni kuma ku roƙa mini ya yafe mini, don ban taɓa samun bakin roƙonsa ba yana da rai.